Taiga a dajin Najeriya? Amsa ga malamar da katun ya rikita wa 'yan aji

Wata malamar firamare ce ta aiko da tambaya. Ta ce ta sa 'yan aji huɗu su zana mata namun dajin ƙasarmu, da ta karɓi takardun sai ta tarar da yawansu sun zana taiga, wasu jakin dawa, wani yaro ma ya zana fengwin, tsuntsun nan mai tafiya a tsaye kamar mutum. Da ta tambaye su inda suka san waɗannan dabbobi, duk suka ce a katun. Tana so ta san abin da ke gaskiya da abin da ke ƙarya a cikin abin da fina-finai ke nunawa game da dabbobi, kuma ko lamarin ya kai a damu da shi.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Na daɗe ina koyar da ilimin dabbobi, kuma abin da kika gani a aji huɗu ina ganin irinsa a wurin samari da 'yan matan da suka gama sakandare. Abin damuwa ne, amma ba kowace ƙaryar fim ce ke damuna ba. Zaki ya yi magana, ko ɓera ya buga wa kyanwa guduma, wannan babu yaron da zai ɗauke shi gaskiya. Mu ma da haka muka tashi. Gizo yana da mata, dila malami ne, kura tana zuwa biki. Sai dai tatsuniya tana da gaskiyarta: idan kaka ta gama takan rufe da ƙurunƙus, ta faɗa da bakinta cewa ba don gizo ba da ta yi ƙarya. Sannan yaron da ya saurare ta da dare, da safe zai bi babansa gona ya ga sawun dila na ainihi, ya ji kukan kura daga bayan gari. Yana da ma'aunin da zai auna. Yaron Kano ko na Maradi na yau sau da yawa ba shi da wannan ma'auni, abin da allon waya ya nuna masa shi ne daji. Ƙaryar da ke shiga kansa ta zauna ita ce wadda ta yi kama da gaskiya: wace dabba ke zaune ina, me take ci, yaya kukanta yake, me za ka yi idan ta cije ka.

Mu fara da taigar da suka zana. Babu taiga a dajin Afirka, ko ɗaya, sai a gidan zu. Dabbar Asiya ce, mafi yawan waɗanda suka rage a daji suna Indiya, sama da 3,000, sauran kuma a irin su Nepal, Bangladesh, gabashin Rasha da tsibirin Sumatra. Amma a nan ba zan ɗora wa katun laifin duka ba, harshenmu ma ya taimaka. Muna da kalmar damisa, kuma damisa tamu mai ɗigo-ɗigo ce, mai hawa bishiya da naman da ta kama. Da hoton taiga mai ratsi-ratsi ya zo mana, ba mu da sunanta, sai aka riƙa kiranta damisa ita ma. Masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa haka suke cewa, har wasu littattafan yara za ki ga an rubuta damisa a ƙarƙashin hoton taiga. Yaro ya ji kakansa na cewa a da akwai damisa a dutsen garinsu, ya kalli hoton, me kike so ya fahimta? Don haka abu na farko da za ki yi a aji shi ne ki raba musu sunayen biyu da hotunan biyu. Zaki kuwa akwai shi a Indiya, amma a wuri ɗaya tak, dajin Gir da kewayensa a jihar Gujarat, inda ƙidayar 2020 ta samu 674. Ko a can ɗin ba ya zama tare da taiga.

Kuskuren ya girmi katun. Lokacin da aka fara buga labarin Tarzan a wata mujallar Amurka a 1912, marubucin, Edgar Rice Burroughs, wanda bai taɓa taka Afirka ba, ya sa taiga a cikin kurmin Afirka. Da aka ja hankalinsa sai ya mai da ita zakanya kafin labarin ya fito a littafi a 1914. Da aka zo yin fim ɗinsa a 1932, giwayen da aka yi amfani da su na Asiya ne, aka manna musu manyan kunnuwan jabu don su yi kama da namu. Dalilin a fili yake: giwar Asiya ce aka saba horarwa tun dubban shekaru, ita ce ke gidajen wasa, ita ce ke tsayawa inda aka ce ta tsaya. Ki koya wa yaranki gane su, abu ne mai sauƙi. Ta Afirka kunnenta faffaɗa ne kamar faifai, bayanta ya ɗan lotsa a tsakiya, bakin hancinta yana da 'yan yatsu biyu. Ta Asiya kunnenta ƙarami ne, bayanta a tudu, yatsan hancinta ɗaya. Haka batun biri yake. Ƙaramin birin nan mai farar fuska da ake ɗora wa ɗan fashin teku ko ɗan kasuwar Masar a kafaɗa, kafucin ake ce masa, ɗan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, an zaɓe shi ne don saurin koyo. Kuma duk birin da kika ga ya rataye kansa da wutsiya a reshe, to daga can yake. Babu birin Afirka ko na Asiya da ke riƙe reshe da wutsiya irin haka.

Kunne ma ana yaudararsa. Wannan kukan mai kama da ƙyalƙyala dariya da ake sawa da zarar jarumi ya shiga kurmin Afirka ko na Amazon, na wani tsuntsu ne mai suna kukabura, ɗan Ostareliya. Ƙarar nan mai tsini da ake sa wa gaggafar Amurka mai farin kai idan tana shawagi ba tata ba ce, ta wani shaho ne mai jar wutsiya, don kukan gaggafar na gaskiya siriri ne, bai dace da girmanta ba. Kukan kwaɗon da duniya ta sani daga fim na wani ɗan ƙaramin kwaɗo ne da ke yammacin Amurka, yankin da Holiwud take. Ki fita bakin kududdufi da damina ki saurara, za ki ji namu ba haka suke cewa ba. Hatta rurin zakin nan da ke buɗe fina-finan kamfanin MGM, tun shekarun 1980 muryar taiga ce aka haɗa masa.

Na san wanda yaranki suka fi kallo shi ne The Lion King na 1994, ko sabonsa. Masu zanen sun je Kenya sun kalli ƙasa kafin su fara aiki, kuma sun yi abubuwa da yawa daidai. Tsuntsun da ke yi wa sarki fadanci cilakowa ce, irin wadda ke tsalle a bishiyoyinmu. Abokin nan mai ƙiba gadu ne, kuma har yadda yake ɗaga wutsiya sama idan yana gudu gaskiya ne. Amma tsohon birin nan mai fuska ja da shuɗi mandiril ne, mazaunin kurmin Gabon da kudancin Kamaru da Kongo, ba shi da abin yi a filin ciyawar Kenya, kuma an ƙara masa doguwar wutsiya wadda mandiril ba shi da ita. Ɗan siririn nan abokin gadu, miyakat, dangin tunku ne, gidansa Kalahari da busassun ƙasashen Botswana, Namibiya da Afirka ta Kudu. A waƙar buɗe fim an nuna tururuwa ɗauke da yankakken ganye a kai suna jerin gwano a kan reshe. Wannan tururuwar a nahiyar Amurka kaɗai take. A wata waƙar kuma ga dabbar nan mai dogon baki da wutsiya buzu-buzu mai cin tururuwa, ita ma 'yar can ce. Mu namu mai irin wannan sana'a dabgi ne.

Wani zai ce to mene ne, ai duk Afirka ce. Nan ne nake rabuwa da shi. Fim yana ɗaukar Afirka kamar unguwa ɗaya, alhali daga Kalahari zuwa Kenya tafiya ce ta dubban kilomita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Afirkar da ake nuna wa duniya, har da 'ya'yanmu, ta gabas ce da ta kudu. Jakin dawan da yaranki suka zana ɗan Afirka ne, amma babu shi a dajin Afirka ta Yamma. Yaron bai zana gwanki ba, bai zana ɓauna ko barewa ko gada ba, bai zana burtu ko gauraka ba, duk da cewa sunayensu cike suke da karin maganarmu. Ya san zakin Kenya mai cikar geza, bai san zakin yankinmu daban yake ba: gezarsa ba ta da yawa, kuma a jini ya fi kusa da zakin Indiya fiye da na Tanzaniya. Wani bincike da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kusan 400 ne, mafi yawansu a dazukan W da Arli da Penjari da ke tsakanin Nijar, Burkina Faso da Benin. Na Najeriya, a Kainji da Yankari, ba su kai 50 ba. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma, mai hasken fata, ya ƙare a ko'ina sai a Nijar, a yankin Kure da ke kudu maso gabashin Yamai. A 1996 saura 49 suka rage. Da gwamnati da mutanen ƙauyukan suka tsaya musu, yau sun haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas aka kai Gadabeji don a kafa wani garken. Karkandar yankinmu kuwa ba ta samu wannan gata ba, ta ƙarshe a arewacin Kamaru aka gan ta, kuma a 2011 aka ayyana cewa irinta ya ƙare. Ai wannan labari ya isa fim. Amma yaron da bai san abu nasa ne ba, ranar da ya ɓace ba zai san ya yi rashi ba.

Akwai inda Hausa ta fi masu fim daidai. Mu mun raba daji da kurmi, kuma sarkin dawa muke ce wa zaki. A katun sai ki ga zaki yana mulki a cikin kurmi mai duhu da igiyoyin bishiya, alhali shi ɗan fili ne da sarƙaƙiya mai sauƙi. Haka a fim ɗin The Jungle Book na 1967, wanda labarinsa a Indiya yake, an sa sarkin birai orangutan, dabbar da ba ta ko'ina sai tsibiran Borneo da Sumatra. Idan aka zana hamada kuma, sai a kafa dogon kaktus mai hannuwa biyu a gefen dalar Masar, a sa raƙumi mai tozo biyu. Kaktus ɗin nan na hamadar Sonora ne, tsakanin Amurka da Meziko. Abin da ke kama da shi a wurinmu ƙerana ce da tinya, kuma ba danginsa ba ne. Raƙumi mai tozo biyu na Mongoliya ne da tsakiyar Asiya, namu da na Larabawa tozo ɗaya gare shi. Tozon kuma kitse ne, ba tulun ruwa ba, duk mahaucin da ya taɓa feɗe raƙumi zai gaya miki.

Wannan ke nan game da mazauni. Ta fuskar halitta, kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki tsarin gidan mutum a ɗora wa dabba. A garken zaki na gaskiya mata ne 'yan gida, uwa da 'ya'yanta mata da 'yan uwanta, su ne ke zama a ƙasarsu har mutuwa, su ne ke yawancin farauta a fili. Namiji baƙo ne. Yakan zo da ɗan uwansa su kori mazan da suka tarar, su riƙe garken 'yan shekaru, wasu su zo su kore su. Idan sababbi suka karɓa sukan kashe 'yan jariran da suka tarar don matan su sake ɗaukar ciki da wuri. Ɗa namiji kuwa da ya tasa korarsa ake yi, babu gadon sarauta. Giwaye tsohuwa ce ke ja musu gaba. A cikin zuma da tururuwa duk ma'aikatan mata ne, namijin zuma ko ƙari ba shi da shi, amma katun sai ya ba ki jarumi namiji ma'aikaci. Akwai fim ɗin da ya zana bijimai da hantsa, abin da ɗan Fulani mai shekara biyar zai gyara. Akwai wanda ya sa namijin sauro yana shan jini, kuma wannan ya shafi darasinki na lafiya: macen sauro ce kaɗai ke cizo, jini take nema don ƙwai, ita ce ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Har ɗan kifin nan mai ruwan lemo na Finding Nemo, a halittarsa idan macen gidan ta mutu, namijin ne ke rikiɗa ya zama mace. Na fahimci dalilin da ya sa ba su sa wannan a fim ɗin yara ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ƙananan kuma suna da yawa, ba sai na tsaya a kansu ba. Ɓeran Tom and Jerry cuku yake bi, namu kuwa kin san inda yake zuwa, rumbu da buhun gyaɗa, kuma na Turai ma hatsi ya fi so. Babbar kyanwa madarar shanu takan ɓata mata ciki. Zomo ciyawa da ganye ne abincinsa, karas mai yawa cutar da shi yake yi. Bijimi ba ya bambance launin ja yadda muke yi, motsin ƙyallen da ake kaɗa masa ne ke tunzura shi. Jimina ba ta binne kai a rairayi, takan sunkuya ne ta juya ƙwanta a ramin da ta yi, ko ta kwantar da wuya a ƙasa don ta ɓuya. Beguwa ba ta harba ƙaya. Jemage ba makaho ba ne. Hawainiya kuma ba kowane launi ta taɓa take ɗauka ba, zafi da sanyi da fushi da neman abokin tarayya ne suka fi sauya ta.

Kura ce nake so ki ba ni lokaci a kanta, don an haɗu an zalunce ta, mu da Turawa. Tatsuniyarmu ta mai da ita wawiya mai kwaɗayi, fim ya mai da ita matsoraciya mai jiran ragowar zaki. A shekarun 1960 wani masani ɗan Holan, Hans Kruuk, ya bi kuraye masu ɗigo dare da rana a Serengeti da Ngorongoro a Tanzaniya, ya fitar da littafinsa a 1972. Abin da ya gani ya juya labarin. Kuraye ne ke kashe mafi yawan abin da suke ci, da daddare, a ƙungiya, bayan doguwar kora. A Ngorongoro sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace musu. Baƙon da ya iso da hantsi ya tarar da zaki a kan nama kuraye na zagaye a gefe, sai ya fassara abin a juye. Mace ce ke mulki a cikinsu, ta fi namiji girma, 'ya'yanta kuma suna gadon matsayinta, wato gadon sarautar da aka ba zaki a fim a gidan kura yake. Duk da kamarta da kare, ta fi kusa da kyanwa da tunku a dangantaka. Muƙamuƙinta na farfasa ƙashi, cikinta na narkar da shi, shi ya sa take share mushen da zai zama cuta. Masu zanen The Lion King sun je sun zana kuraye a wata cibiyar bincike ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma masanan wurin ba su ji daɗin yadda aka fito da su ba. Ba ina cewa kura ba ta ɓarna ba, makiyayin da ta shiga garkensa ya sani. Amma dabbar da kowa ya yarda muguwa ce, babu mai tambaya idan aka zuba mata guba a mushe. Gubar nan kuma ba ta tsaya a kura ba, ungulu ma takan ci ta mutu. Ki tuna yadda ungulaye ke cika mahauta da bakin kasuwa muna yara, ki duba yau. Tun 2015 aka sa ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da masu sayar da sassanta. Ita ma a katun kullum 'yar koren mugu ce.

Kada ki ɗauka abin da aka kira shirin gaskiya ya tsira. A 1958 kamfanin Disney ya fitar da White Wilderness, inda aka nuna wasu ƙananan dabbobi masu kama da ɓera, lemin, suna tururuwa suna faɗawa ruwa daga kan dutse, aka ce teku ce. A lardin Alberta na Kanada aka ɗauki hoton, wurin da babu teku, kogi ne, kuma masu ɗaukar ne suka kawo dabbobin daga wani wuri suka tura su. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar. Sai a 1982 gidan talabijin na ƙasar Kanada ya tona asirin, amma har gobe akwai masu cewa lemin kashe kansa yake yi. Haka Jaws na 1975 ya sa duniya tsoron kifin shak, wanda mutanen da yake kashewa a shekara da wuya su wuce goma, mu kuwa muna kashe miliyoyinsa. Marubucin labarin, Peter Benchley, ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar kare su.

Inda abin ya zo har ƙofar gidanmu shi ne maciji, kuma a nan ba Holiwud kaɗai ba ce. Mun tashi da fina-finan Indiya irin su Nagin na 1976 da Nagina na 1986, inda macijiya ke ɗaukar hoton wanda ya kashe mijinta a ido ta bi shi ramuwa, tana shan madara, tana rawa idan an busa mata sarewa. A can wannan yana da tushe a al'adarsu da addininsu, su suka san ma'anarsa. A halitta dai maciji ba shi da kunnen waje, girgizar ƙasa ya fi ji, abin da yake bi idan ya fasa kai shi ne motsin sarewar da hannun mai busa. Ba ya shan madara sai ƙishirwa ta galabaitar da shi. Ba ya riƙe kowa a zuciya. Idan aka kashe ɗaya aka ga wani a wurin, abin da ya jawo na farko ne, ɓeraye ko maɓoya, ya jawo na biyu.

Wannan duk da sauƙi. Wanda ke kisa shi ne yadda jarumi ke ceton wanda maciji ya sara: ya yage riga ya ɗaure ƙafa tamau, ya tsaga wurin da wuƙa, ya tsotse dafin ya tofar, marar lafiya ya buɗe ido. Malama, ki gaya wa yaranki da babbar murya kada su taɓa yin haka. Tsotsa ba ta fitar da dafi. Ɗauri mai tsanani yana kashe ƙafa har a kai ga yankewa. Tsagawa kuwa a ƙasarmu ta fi ko'ina haɗari, saboda macijin da ya fi sarar manoma da makiyaya a yankinmu kububuwa ce, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Ka tsaga mutumin da jininsa ba ya tsayawa, ka ƙara masa ƙofar zubar jini. A asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe, gwajin da ake yi shi ne a zuba jinin mutum a kwalba mai tsabta a jira minti 20, idan bai daskare ba an san dafi ya shiga, sai a ba shi allurar kashe dafi. Abin da ya kamata a yi a gona shi ne a kwantar wa mutum da hankali, a cire zobe da duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da tsayawa neman macijin ba. Idan kumurci ne ya tofa a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara, yawancinsu talakawan karkara irin iyayen yaran da ke ajinki. Dorina ma ki ambata musu, wadda katun ke zanawa da murmushi tana rawa. Masunta a kogin Kwara da Binuwai sun san tana kifar da kwalekwale.

Ba na goyon bayan a hana yara kallo. Da yawa daga cikin ɗalibaina da suka fi son fannin nan katun ne ya fara jawo su, kuma wani lokaci masu fim suna yin daidai: a fim ɗin Madagascar zaki da jakin dawa da raƙumin dawa baƙi ne da suka fito daga gidan zu na New York, don tsibirin ba shi da su, 'yan gida su ne lemur mai kama da biri, da fosa mai kama da kyanwa da ke farautarsa, kuma haka abin yake. Abin da nake ba ki shawara shi ne ki mai da zanen nan nasu darasi. Ki manna taswirar duniya a allo, kowane yaro ya zo ya liƙa dabbarsa a inda take, taiga ta tafi Indiya, jakin dawa ya tafi Kenya, kangaru Ostareliya. Za su ga Afirka ta Yamma ta zama fayau. Sai ki ba su aikin gida: kowa ya je wurin kakansa, ko wani tsohon maharbi a unguwa, ya rubuto sunayen namun dajin da ya taɓa gani da idonsa da wurin da ya gan su. Za ki sha mamakin abin da za su kawo, kuma za ki ji sunayen da ke ma kin manta. Idan makaranta na da hali, a kai su Yankari su ga giwa da gwanki da gwaggon biri a inda Allah Ya ajiye su, idan babu, gidan zu mafi kusa ma ya yi, muddin za ki tsaya a gaban kowane keji ki tambaye su: wannan ɗan gida ne ko baƙo?

Shi kuma yaron da ya zana fengwin, kada ki sa masa jan biro da sauri. Ki gaya masa abin da katun ya ɓata shi ne haɗa fengwin da farin beyar a ƙanƙara ɗaya, don beyar ɗin yana can ƙurewar arewacin duniya, fengwin kuma a kudu, ba su taɓa haɗuwa ba. Sannan ki gaya masa ba duka ne ke zaune a ƙanƙara ba. Akwai fengwin ɗan Afirka, yana gaɓar tekun Namibiya da Afirka ta Kudu, ana zuwa kallonsa a rairayin Boulders kusa da birnin Kef. A 2024 aka sa shi cikin masu dab da ƙarewa, saboda kifin da yake ci ya yi ƙaranci. Ki nemo musu muryarsa a waya ki kunna a aji ba tare da kin nuna hoton ba, ki ce su faɗi mai kukan. Duk za su ce miki jaki ne.